Aikin ƙarin maki a kwas ɗin nazarin al'amuran duniya: in yi ko in bari?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a wata jami'ar jiha a Amurka, wannan ne zangona na farko bayan na yi shekara biyu a jami'a a gida. Cikin kwasa-kwasan da nake ɗauka akwai na nazarin al'amuran duniya. A takardar tsarin kwas, malamar ta jera wasu ayyuka na ganin dama, kowanne maki ɗaya da rabi, kuma ba a yin fiye da biyu, wato ƙarin ba zai wuce 3 cikin 100 ba. Ayyukan su ne halartar laccar baƙo a rubuta shafi biyu, shiga taron kwaikwayon Majalisar Ɗinkin Duniya, bin sawun wani kaya daga inda aka samo shi har zuwa kanti, hira da wani ɗan ƙaura, ko ziyartar wurin ibadar wani addini da ba na mutum ba. Yanzu ina da 84, saura babbar jarrabawa mai ɗauke da 25 cikin 100, kuma ina aikin awa 20 a mako a ɗakin cin abinci na makaranta. Shin ya cancanci wahalar? Ba za a ɗauke ni mai roƙon maki ba? In zan yi, wanne zan zaɓa?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambayarka uku ce a haɗe: ko yin aikin abin kunya ne, ko makin ya kai a ɓata masa lokaci, sannan wanne ya fi dacewa da kai. Na koyar da irin wannan kwas a Amurka lokacin da nake karatun digirin digirgir, a matsayin mataimakin malami mai duba takardun ɗalibai, daga baya kuma na ci gaba da koyar da dangantakar ƙasa da ƙasa a gida, don haka na san yadda abin yake a ɓangarorin biyu. Amsata a taƙaice ita ce ka yi, amma ka zaɓa da kyau, kuma ka yi da wuri. Dalilan suna tafe.

Me ya sa kake jin nauyi, me ya sa kuma bai kamata ba

Na fahimci inda kunyar ta fito. A jami'o'inmu na Najeriya maki kashi biyu ne, CA, wato gwaje-gwajen cikin zango, mai 30 ko 40, da jarrabawa mai 70 ko 60, kuma sakamako sai ya bi ta sashe da tsangaya da majalisar dattawan jami'a kafin ya tabbata. Babu gurbin da aka ware wa wani ƙarin maki. Saboda haka idan aka ji ɗalibi ya samu ƙari, abin da zai fara zuwa zuciyar mutane shi ne alfarma, ko ya san wani, ko ya bi ta bayan fage. Ɗalibin kirki ya taso yana ƙyamar abin, kuma ya yi daidai.

Tsarin Amurka daban yake. Malami ne ke da ikon tsara yadda zai raba maki a kwas ɗinsa, yana rubuta shi a takardar tsarin kwas tun makon farko, kuma takardar nan ana ɗaukarta tamkar yarjejeniya tsakaninsa da ɗalibai. Duk abin da aka rubuta a ciki haƙƙin kowa ne daidai wa daida. Aikin da malamarka ta jera, ta jera shi ne ga ajin gaba ɗaya, ba wanda ya roƙa. Abin da malaman can suke ƙi, kuma na ga yana ɓata musu rai matuƙa, shi ne ɗalibin da zai zo bayan an gama jarrabawa ya ce a ƙirƙira masa wani aiki shi kaɗai don ya tsallake. Wannan shi ne roƙon maki. Naka ba shi ba ne.

Akwai kuma dalilin da ya sa irin wannan kwas musamman yake yawan ɗauke da ayyukan ganin dama. Nazarin al'amuran duniya fanni ne da ya haɗa siyasa da tattalin arziki da tarihi da al'adu da muhalli, ya bunƙasa a jami'o'in Amurka a shekarun 1990 bayan ƙarewar yaƙin cacar baka, lokacin da kowa ya koma maganar dunƙulewar duniya. Zango ɗaya mako 15 ne ko kusa da haka, kuma cikinsa ake son a taɓo ciniki, ƙaura, sauyin yanayi, bashi, yaƙi da cibiyoyin duniya. Malami ya san aji ba zai ɗauke wannan ba. Ya kuma san yawancin ɗalibansa ba su taɓa fita ƙasarsu ba. Ba zai iya tilasta wa kowa zuwa lacca da yamma ba, tunda wasu suna aiki, wasu suna da yara, sai ya sa ɗan maki ya zama abin jan hankali. Manufar ita ce ɗalibi ya fita ya ga abin da ake karantawa da idonsa, tunda gani ya kori ji.

Lissafin makin

Kafin komai ka ɗauki biro. Ka tuna cewa 84 ɗinka a can ba A ba ce kamar yadda 70 take A a gida. A yawancin jami'o'in Amurka A tana farawa daga 90, B daga 80, C daga 70. Inda ake amfani da ƙari da ragi, wato irin B+ da B-, 83 zuwa 86 B ce mai nauyin 3.0, 87 zuwa 89 kuma B+ ce mai nauyin 3.3. Idan ka ci 84 a babbar jarrabawa, za ka tsaya a 84. Ƙarin maki 3 zai kai ka 87, ka tashi daga B zuwa B+. Kana bakin iyaka ke nan, inda ƙarin yake da tasiri. Da kana 83 ne, ƙarin 3 zai kai ka 86, kana nan dai a B, ba abin da zai canza.

Yanzu dubi ɗaya gefen. Jarrabawar tana ɗauke da kashi ɗaya cikin huɗu na kwas, don haka kowane maki 4 a cikinta maki 1 ne a jimla. Maki 12 na jarrabawa daidai suke da ayyukan nan biyu gaba ɗaya. Wannan yana nufin abu biyu. Kai wa 87 ta hanyar jarrabawa kaɗai sai ka ci 96, wanda ba ƙaramin aiki ba ne, saboda haka aikin ganin damar ya fi sauƙi. Amma idan ka bar shi ya cinye maka lokacin bita har ka faɗo daga 84 zuwa 72, duk abin da ka tara ya tafi. Matsayinsa matsayin nafila ne: tana cike giɓin farilla, amma ba ta ɗauke ta.

Ka kuma tabbatar inda ake zuba makin. Malamarka ta ce 3 cikin 100 na jimla, wannan a bayyane yake. Amma a wasu kwasa-kwasan za ka ga an ce ƙarin maki 10, ka yi murna, ashe a rukunin ƙananan gwaje-gwaje ake zuba shi. Idan rukunin yana da maki 200 kuma nauyinsa 10 cikin 100 ne, wannan 10 ɗin rabin maki ne kacal a ƙarshe. Na ga ɗalibai sun kwana biyu a kan aikin da bai kai maki ɗaya ba saboda ba su yi wannan lissafin ba.

Ta fuskar GPA, wato matsakaicin sakamakon duka kwasa-kwasanka, idan kwas ɗin mai kiredit 3 ne kuma kana ɗauke da 12, wanda shi ne mafi ƙarancin da ake buƙata ga mai bizar karatu ta F-1 a digirin farko, tashi daga 3.0 zuwa 3.3 zai ƙara maka ƙasa da 0.1 a zangon. Kaɗan ne, sai dai ga wanda tallafin karatunsa yake da sharaɗin kada ya sauka ƙasa da wani mataki, wannan kaɗan ɗin kan zama shi ne tsakanin ci gaba da tsayawa.

Wanda nake ba ka shawara a kai

Ka ɗauki bin sawun kaya. Cikin biyar ɗin shi ne kaɗai ba ya buƙatar ka bar aikinka a wata sa'a ta musamman, kuma shi ne wanda kake da fifiko a kan kusan kowa a ajin. Abokan karatunka za su rubuta a kan wayar salula ko kofi ko takalmin wasanni, su kwaso abin da ke intanet. Na duba irin waɗannan takardu har na haddace su. Kai kuwa ka fito daga inda sarƙar cinikin take farawa.

Ka shiga kowane kantin 'yan Meziko da ke garinku ka nemi busasshen furen da suke kira jamaica, wanda suke jiƙawa su yi abin sha ja mai tsami. Zoɓo ne, irin wanda ake aunawa da kwano a kasuwanninmu. Meziko tana shan fiye da abin da take nomawa, tana shigo da shi daga waje, kuma Najeriya tana cikin manyan masu sayar mata, mafi yawansa daga Jigawa da Kano da Katsina. Wani ɗalibi da na taɓa dubawa, ɗan Afirka ta Yamma, ya sayi leda ɗaya, ya ɗauki hoton farashin da ƙasar da aka rubuta a bayanta, ya buga waya gida aka faɗa masa kuɗin kwano a wannan makon, ya auna nauyin, ya mayar da kuɗin dala. Shafinsa na farko lissafi ne kawai: ga abin da manomi ya karɓa, ga abin da mai saye a Amurka ya biya. Sauran shafukan ya yi su ne a kan tambayar ina ragowar ta tafi, ya bi ta kan dillali a kasuwar ƙauye, matan da ke tsince ƙasa da kara, mai sito a Kano, tirela zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, feshin ƙwari da takardar shaidar lafiyar amfanin gona, sai mai ƙullawa a leda. Duk abin da littafin kwas yake faɗa game da rabon riba tsakanin mai noma da mai sarrafawa ya fito a takardar ba tare da ya yi dogon Turanci ba. Malamin da nake taimaka wa ya karanta ta a gaban aji.

Idan zoɓo bai kwanta maka ba, ga tufafi. Atamfar Holan da iyayenmu mata ke ji da ita kamfanin Vlisco ne ke buga ta a garin Helmond, kamfanin da aka kafa a 1846, kuma asalin salon daga zanen batik na tsibirin Java yake, lokacin da Holan ke mulkin Indonesiya. Shaddar Getzner a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya ake saƙa ta. Masaƙar Kaduna ta farko an buɗe ta a 1957 zamanin Sardauna, unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata, daga baya masaƙun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Mai son bayyana dalili dole ya taɓo tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da matsalar lantarki, da fasa-ƙwauri ta iyakokin Benin da Nijar, da shigar Chaina Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, da ƙarewar tsarin ƙayyade cinikin tufafi na duniya a farkon 2005. Yau ka shiga Kantin Kwari, mafi yawan abin da ke jibge daga Chaina ya zo. Turmi ɗaya na atamfa ya ishe ka ka rubuta mulkin mallaka da masana'antu da ciniki. Akwai kuma ƙaro, wanda Sudan ta fi kowa fitarwa, ana sa shi a lemon kwalba da alewa da magunguna, har Amurka da ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997 ta bar ƙofar shigo da shi a buɗe. Akwai yuraniyam na Arlit a Nijar, sai dai wannan ba kayan kanti ba ne, ka tambayi malamar tukuna.

Gargaɗi ɗaya nake da shi a nan, kuma da gaske nake. Kasancewarka ɗan ƙasa ba hujja ba ce. Na ga 'yan Afirka da dama sun rubuta "a ƙasata kowa ya san cewa" suka tsaya nan, suka yi mamakin ƙarancin makin. Abin da ka gani da idonka ka faɗe shi a matsayin abin da ka gani, wanda aka faɗa maka a waya ka ce wane irin mutum ne ya faɗa kuma yaushe, alƙaluman ciniki kuma ka ɗauko su daga ma'ajiyar bayanan ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya ko ta Hukumar Abinci da Aikin Gona, duka a buɗe suke. Ma'aikatan laburaren makarantarku za su zauna da kai su nuna maka, aikinsu ke nan, kuma ba a biyan ko sisi.

Sauran huɗun

Na biyun da zan haɗa maka shi ne laccar baƙo, domin awa ɗaya ce da shafi biyu. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya cika shafukan da "ya ce, sannan ya ce". Malamar tana wurin, ta ji. Ka taƙaita hujjar baƙon a sakin layi ɗaya, ka ɗaura ta da wani karatu da kuka yi a aji ka ambaci marubucin, sannan ka faɗi inda ka yarda da inda ba ka yarda ba da dalilinka. Ka rubuta a daren, kafin abin ya huce. Idan ana sa hannu a takardar halarta, kada ka sa wa kowa, kada kowa ya sa maka, domin a can ana ɗaukar wannan a matsayin maguɗi, hukuncinsa ɗaya da satar amsa.

Taron kwaikwayon Majalisar Ɗinkin Duniya abu ne mai kyau ƙwarai, amma ba don maki ɗaya da rabi ba. Za a ba ka ƙasa ka wakilta, galibi ba taka ba, ka rubuta takardar matsayinta, ka koyi ƙa'idojin muhawara, ka ba da ƙarshen mako gaba ɗaya. A nan ne mutum yake fahimtar abin da ya sa ƙasashe 193 ke zaune a babban zaure amma biyar ne ke riƙe da ikon hawa kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu mai mambobi 15, da abin da ya sa Tarayyar Afirka tun matsayar Ezulwini ta 2005 take neman kujeru biyu na dindindin. Ɗan arewa yana da abin koyi a wannan fage, Farfesa Tijjani Muhammad-Bande ya shugabanci babban zauren daga 2019 zuwa 2020, Amina Mohammed kuma ta zama mataimakiyar babban sakatare a 2017. Idan kana sha'awar diflomasiyya, ka shiga ƙungiyar a zango mai zuwa don kanta. Da awa 20 na aiki da jarrabawa a gaba, wannan zangon ba lokacinsa ba ne.

Hira da ɗan ƙaura tana kama da mai sauƙi, tunda masallacin Juma'a kaɗai zai haɗa ka da Basomale da Ba'afgane da Basudane. Nauyinta a amana yake. Wasu takardunsu na zama ba su kammala ba, wasu suna jiran hukuncin neman mafaka, wasu sun ga abin da ba sa son tunawa. Idan za ka yi, ka faɗa wa mutum a fili cewa aikin makaranta ne kuma wa zai karanta, ka nemi izini kafin ka naɗi murya, ka sakaya sunansa, kada kuma ka tambaye shi matsayin takardunsa. Ka guji yin hira da ɗan garinku don sauƙi, domin ba za ka ji abin da ba ka sani ba.

Ziyarar wurin ibada ita ce na san tana damun ɗalibanmu, ko da ba ka faɗa ba. Abin da ake nema kallo ne da rubutu, ba shiga cikin ibada ba: yadda ake zama, wane harshe ake amfani da shi, daga waɗanne ƙasashe jama'ar suka fito. Hukuncin shiga kuwa ba fagena ba ne, ka tambayi malamin addinin da ka amince da iliminsa. Tunda aikin na ganin dama ne kuma akwai wasu huɗu, ba wanda zai tambaye ka dalilin barinsa.

Abin da na lura da shi a matsayin mai dubawa

Waɗanda suka fi yin aikin ƙarin maki su ne waɗanda suka fi ƙarancin buƙatarsa. Masu A ne ke fara kawowa tun tsakiyar zango. Masu rauni sai makon ƙarshe suke tunawa, su kawo abin da aka rubuta a gurguje, a lokacin da mai dubawa yake da tarin takardun jarrabawa a gabansa. Wannan ne ma ya sa wasu malamai ba sa yarda da tsarin sam, suna cewa yana fifita mai lokaci da mota a kan mai aiki biyu, yana kuma kumbura maki. Hujjarsu tana da ƙarfi, shi ya sa a nawa ajin nake ganin iyakar 2 ko 3 cikin 100 ita ce daidai, kuma dole a samu zaɓin da ba ya buƙatar kuɗi ko tafiya. Malamarka ta cika sharuɗɗan biyu.

Akwai riba guda da ba ta cikin lissafin maki. Nan da shekara biyu za ka buƙaci wasiƙar shaida don neman tallafi ko digiri na biyu, kuma malamin da ke da ɗalibai ɗari a aji ba ya tuna wanda ya ci 87, yana tuna wanda ya kawo masa takardar da ta koya masa wani abu. Saboda haka ka je ofishinta a sa'o'in da ta ware don ganin ɗalibai, ka ce kana tunanin bin sawun zoɓo, ka tambaye ta ko ya dace da abin da take nema, da tsawon da take so, da salon kawo madogara. Ka kuma tambayi ƙa'idarta game da manhajojin da ke rubuta wa mutum, tunda kowane malami da tasa, kuma kwafe ko da a aikin ganin dama ne yana iya kai ɗalibi gaban kwamitin ladabtarwa, abin da ga mai biza yake da haɗari fiye da ga ɗan ƙasa.

Ban ga takardar tsarin kwas ɗinku ba, iyakokin maki kuma suna bambanta daga jami'a zuwa jami'a, wasu ma ba sa amfani da ƙari da ragi, wanda a wannan hali 84 da 87 duka B ne, ribar makin ta zama kariya ce kawai idan jarrabawa ta zo da tsauri. Ka duba wannan yau. Idan kuma wani aikin ya haɗa da aikin sa-kai a wajen makaranta, ka fara tuntuɓar ofishin ɗaliban ƙasashen waje, su ne masu faɗa a kan abin da bizarka ta yarda da shi. Ka ware wa aikin zoɓon ƙarshen mako guda, ka miƙa shi aƙalla mako uku kafin jarrabawa, sauran kwanakin ka bar wa bita.